Tambaya ɗaya na yi, aka tozarta ni a gaban 'yan ajinmu

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi. Sati biyu ke nan ina fama da saka Python, wani yaren rubuta manhaja, a kwamfutata. Malamin da ke ɗaukarmu darasin farko ya rubuta a allo cewa kowa ya zo da Python da VS Code, manhajar da ake rubuta shi a ciki, a shirye, ya kaɗe alli ya fita. Kwamfutar ma ta hannu ce, sai da babana ya sayar da buhunan dankali kafin ya sayo mini ita a kasuwar Taminus ta Jos. Na saka, amma duk sanda na rubuta python a baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni sai ta ce ba ta san wannan umarni ba. Wani ya ce in sauke Anaconda, wata manhaja da ke zuwa da Python a ciki, abin da ya kusa giga ɗaya. Sau biyu yana kaiwa rabi sabis ya yanke, data ta bi ruwa.

Jiya da sassafe, cikin sanyin Jos, na tafi ɗakin kwamfuta. Jami'in da ke kula da ɗakin yana zaune da kofin shayi, yana latsa waya. Na yi sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a taimaka a duba mini." Bai ɗago ba. Na maimaita. Sai ya kurɓi shayi, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wanda bai iya saka Python ba, uban me ya kawo shi karatun kwamfuta?" Na ce, "Malam, ai koyon ne ya kawo ni." Ya ce, "To je ka YouTube. Ko ka ajiye dubu biyu." Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, wasu suka kwashe da dariya. Ni da na biya kuɗin ɗakin nan a cikin kuɗin makaranta!

Kun san matsalar? Wani ɗan akwati ne a ƙasan shafin farko na sakawa, wanda ake dannawa a ƙara Python cikin PATH don Windows ta san inda yake. Wata 'yar ajinmu ce ta nuna mini a bakin ƙofa, ko minti uku ba mu yi ba. A kan wannan aka ci mutuncina.

Shi ma jami'in ina ya samu wannan ƙarfin hali in ba daga sama ba? A 2022 mun zauna gida wata takwas muna jiran a buɗe jami'o'i. A 2023 aka cire tallafin mai, janareta ya gagari kowa. A 2025 aka amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Duk da haka gwamnati na shelar za ta horar da matasa miliyan 3 a fasahar zamani. Da wace wutar? Da wace datar? Rabin kwamfutocin ɗakin nan ƙura ta lulluɓe su, babu mai tambaya, babu mai jin kunya.

Ranar Litinin za a karɓi aikin farko, kuma tun shekaranjiya ba mu ga wuta a unguwarmu ba.