Sunan Sani Kaita bai cancanci zama abin zagi ba

Jiya da yamma ɗan yayata ya ja ni kallon wasan ƙungiyarsu da 'yan wata unguwa, a wani fili can wajen Ƙofar Ƙaura. Akwai wani yaro a cikinsu da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, siriri, tun da aka busa usur shi ke tsare tsakiyar fili. Sau biyu ana taka shi da gangan yana haɗiyewa. A na uku zuciya ta ɗebe shi, ya kai wa ɗayan shuri. Rafli ya ɗaga jan kati, kuma daidai ya yi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ihun da ya biyo baya. Manya da yara, har da masu furfura a gemu, suka ɗauka baki ɗaya: "Kaita! Kaita!" Yaron ya fita yana share hawaye da gefen rigarsa. Ko haihuwarsa ba a yi ba a 2010. Bai san mai sunan ba, ya dai gane zaginsa ake yi.

Tuwon dare bai shige ni ba, domin ni ma da bakina a cikin waɗanda suka mai da sunan nan haka.

Ranar Alhamis ce, 17 ga Yuni 2010, ƙarfe uku na rana. Muna cushe a gidan kallon ƙwallo, rufin kwano ya ɗau zafi, janareto na ruri a bayan katanga, benci ɗaya mutum takwas. Najeriya da Girka a Bloemfontein, gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Ajantina ta riga ta ci mu ɗaya da nema a wasan farko, don haka wannan ne wasan da dole mu ci. A minti na 16 Kalu Uche ya buga bugun tazara, ƙwallo ta wuce kowa ta faɗa raga. Har yau ina tuna wani da ya rungume ni ban san shi ba. Girka kuwa a lokacin ba ta taɓa cin ko ƙwallo ɗaya ba a tarihin gasar.

Sai minti na 33. Ƙwallo ta fita, ana 'yar ja-in-ja a bakin layi, Torosidis, ɗan wasan Girka, ya tura wa ɗan wasanmu Sani Kaita ƙwallon a ƙirji, shi kuma ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Shurin bai ko zauna sosai ba, amma mutumin ya zube yana birgima. Alƙalin wasa ya zaro ja. Sani ya ja rigarsa ya rufe fuska ya fita. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Girka ta farke, a minti na 71 kuma Torosidis ɗin nan dai ya ci ta biyu.

Abin da ya fito daga bakinmu ranar, Allah Ya yafe mana. An zagi uwa, an zagi uba. Lokacin hutu muka fita yin la'asar, har a wajen alwala ba a daina ba. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin ƙofa ya dube mu ya ce, "Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan nan, ɗan wani ne." Ba wanda ya saurare shi. Kuma mu Katsinawa ne muka fi kowa zafi, alhali kafin ranar mu ne masu bugun ƙirji da shi, tunda sunan da yake ɗauke da shi sunan garin Kaita ne, nan kusa da mu.

Ban zo wanke shi ba. Ya yi kuskure, babba, a ranar da bai kamata ba, kuma shi da kansa ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa. Tambayata ita ce, cikin masu ihun jiya, mutum nawa ne za su iya faɗin wani abu guda game da shi ban da wannan shurin?

An haife shi a Kano a 1986, ya taso a Kano Pillars. A 2005 yana cikin yaran koci Samson Siasia da suka je Holan gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, suka kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci su 2-1, duka biyun Messi ne da fanareti. A gasar nan Mikel Obi ya zo na biyu a jerin gwanaye, bayan Messi, duniya ta yi ta yabonsa. To wa ke bayan Mikel yana share masa hanya? Sani ne. Shi ke ƙwato ƙwallo ya miƙa, shi ke toshe gurbin da Taye Taiwo ya bari in ya haura gaba. A shekarar ce Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 kuma aka je gasar Olamfik a Beijin ba tare da Mikel ba, Sani ya riƙe tsakiya, aka lallasa Beljiyam 4-1 a wasan kusa da na ƙarshe, aka dawo da lambar azurfa bayan Di Maria ya ci mu ɗaya tilo. Wasan ƙarshe na duniya har biyu cikin shekara uku. Ku ƙirga mini 'yan Arewa nawa ne suka taɓa taka irin wannan matsayi.

Wanda bai taɓa buga lamba shida ba, wato ɗan tsakiya mai tsare gaban 'yan baya, gurbin Sani ke nan, ba zai san wahalarta ba. Ni na buga ta a makarantar sakandare, a filin yashi, don haka da ɗan abin da na sani. Mai wannan gurbi yakan yi wasa kansa na juyawa kamar na direba a kasuwa. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya duba kafaɗar hagu da ta dama. Mafi yawan gudunsa ba ya tare da ƙwallo, gudu ne na zuwa ya tsaya a inda abokin hamayya yake son bi, sai a fasa bugo ta nan. Wannan tsayuwar ba ta shiga bidiyon da ake yawo da shi a WhatsApp. Idan ya yi aikinsa daidai, wasa yakan tafi lami lafiya har mai sharhi ya manta da shi. Ɗan gaba zai zubar da dama biyar ya ci ta shida a ɗauke shi a kafaɗa. Lamba shida kuwa tamkar mai tsaron shago ne da dare, ba a tuna shi sai ranar da aka yi sata. Ga shi kullum cikin gumurzu, ana shurinsa yana shuri, kati na rataye a kansa, kuma ana so ya kasance mai zafi da sanyin zuciya a lokaci guda.

A wasan Girka ma ba a gurbinsa yake ba. Koci Lars Lagerback, wanda aka ɗauko 'yan watanni kafin gasar, gefen dama ya ajiye shi. Shi ya sa abin ya faru a bakin layi. Kuma ko da muka koma mutum goma, wasan bai mutu ba. Ana ɗaya da ɗaya Chinedu Obasi ya samu raga a buɗe ya zubar. Ƙwallo ta biyu daga hannun Enyeama ta kuɓuce, golan da ya yi ta ceton mu duk gasar. A wasan Koriya ta Kudu Yakubu ya zubar da wadda ko yaron goye zai tura. Bayan an dawo, Shugaba Jonathan ya dakatar da tawagar na shekara biyu, sai da FIFA ta yi barazana ya janye. Gida ne da ya riga ya tsage ta ko'ina, amma da ya faɗi sai aka nemi mutum ɗaya aka ɗora masa jakin da kayan. Mai magana da yawun tawagar ya shaida wa 'yan jarida cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aika wa Sani sun haura dubu. Yaro ɗan shekara 24.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, wasu sun yi irin nasa an ba su damar gyarawa. An kori Beckham da jan kati a gasar cin kofin duniya ta 1998 a wasansu da Ajantina, shi ma shuri ne na fushi. Ingila ta zage shi son ranta, amma ba ta yar da shi ba. Bayan shekara biyu aka ba shi kyaftin, a 2001 kuma bugun tazararsa ne ya kai su gasar duniya, kuma a ragar Girka ya ci shi. Zidane ya tunkuyi Materazzi a wasan ƙarshe na 2006, duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon gasar, Faransa kuma har gobe tana alfahari da shi. Mu namu, daga ranar rigar Super Eagles ta yi masa nisa.

Sauran rayuwarsa ta ƙwallo yawo ce. Monako ta saye shi a 2008 amma ta yi ta ba da shi aro: Rasha, Yukiren, har Girkar ma ya je ya buga. Daga baya Saifurus, ya dawo gida Enyimba, ya ƙare can Finlan. Mu da muke ganinsu a talabijin mun ɗauka daula ce zalla. Ku dai yi tunanin Bakano a cikin ƙanƙarar Rasha, ba dangi, ba mai jin harshensa, azumi ya zo rana ta ƙi faɗuwa, kwantiragi na wata shida, koci ya sauya a sake sabon lale, gwiwa kuma tana ƙirga kwanakinta. A bayansa akwai gida guda da ke jiran abin da zai aiko. Haka ya yi shekaru, da wancan tambarin a goshi duk inda ya sauka.

Yau ka je filin Muhammadu Dikko ko duk wani filin unguwa a Katsina ka tambayi yara lambar da suke so, daga bakwai sai tara sai goma. Masu horar da yara suna kukan ba mai son shida. Yaushe za su so ta, suna ganin yadda muke saka wa masu ita?

Sani, ban san ko wannan rubutun zai iso gare ka ba. Ni dai na zage ka ranar, da bakina, a gaban mutane. Ka yafe mini don Allah.

A kan babur muna komawa gida jiya, ɗan yayata ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kawu, wai wane ne Kaita ɗin?" Na faɗa masa abin da iska ta bari ya ji. Na ce ya kawo mini abokin nasa gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na riga na sauke wasan ƙarshe na 2005 a wayata, za mu zauna a zaure mu uku mu kalla, kuma zan ce su bar Messi da Mikel, su zuba ido kan wanda ke bayansu.