Yadda kudasai ta tafi min da keke

A unguwarmu a Kano, in za a hana ka abu ba a yi maka kwana-kwana. Akwai wata katanga a bayan gidanmu da aka rubuta wa AN HANA FITSARI A NAN da jan fenti, kowane harafi ya kai tsawon yaron goye. Da mutane suka ƙi ji, mai katangar ya dawo da gwangwanin fentinsa ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: WANDA YA YI ALLAH YA ISA. Daga ranar ko akuya ce ta zo wucewa sai ta ɗan ja gefe. A wannan makarantar na koyi karatun gargaɗi, kuma da shi na sauka birnin Kobe na ƙasar Japan da sunan ƙaro ilimi.

Wata shida na farko harshe kawai aka ce mu koya. Hiragana, ɗaya daga cikin nau'o'in rubutunsu, haruffa 46 ne, cikin kwana goma na haddace su, na bi da katakana, su ma 46. Ni da na yi allo na yi boko, na ce ai wannan wasan yara ne. Sai malamarmu, wadda muke ce wa sensei kamar yadda ake kiran kowane malami a can, ta sanar da mu tana murmushi cewa saura kanji, rubutun da suka aro daga Sin, kuma waɗanda gwamnati ta jera don amfanin yau da kullum guda 2,136 ne. Yaro kafin ya gama aji shida na firamare ya ci 1,026 daga ciki. Ni a lokacin talatin na sani, a cikin talatin ɗin ma har da ɗaya, biyu da uku, waɗanda sanduna ne kawai a kwance.

Sai na fito da dabara. Na lura kusan duk sanarwar da aka manna a bango, kanta cike yake da kanji masu kama da an zubar da ashana, amma wutsiyarta hiragana ce, kuma wutsiyar nan kusan kullum ɗaya ce: ください, wato kudasai. Tun makon farko aka koya mana cewa kudasai "don Allah" ce. To me ya rage? In tsallake kan, in kama wutsiyar.

Gwajin farko ya yi kyau, kuma shi ne ya cuce ni. Wata safiya na ga kwali a ƙofar wani gida a layinmu, cike da faranti, kofuna da wata 'yar tukunya, an jingina takarda mai ƙarewa da kudasai. Na koma na jawo tsohuwar da take ba mu haya, na nuna mata. Ta karanta, ta ce go-jiyu ni otori kudasai, ta yi min alama da hannu in ɗiba. Kyauta ce, wanda yake so ya ɗauka. Na rungumi tukunya da faranti huɗu na koma ɗaki, a hanya kuma na yanke wa kaina fatawa: duk inda ka ga kudasai, bisimillah ake yi maka.

Bayan kamar mako biyu, ciki ya murɗa min a wani babban kanti. Kafin in ci gaba bari in yi wa banɗakin Japan adalci, don Musulmi ba shi da masoyi a ƙasar nan kamarsa. Tun 1980 kamfanin TOTO ya fito da masan zama mai fesa ruwan tsarki da kansa, yau kuma ya zama ruwan dare. Ruwan ɗumi ne, mazaunin ma a ɗumame yake lokacin sanyi. Butar da na ɗauko tun daga gida, wadda ta cinye min wuri a akwati, ta koma ta ban-ruwan fulawar tsohuwa. Matsalar ɗaya ce, jikin bangon kamar gaban matuƙin jirgin sama yake. Ga maɓallin fesa ruwa, ga na ƙara ƙarfinsa, ga na busarwa, ga wani da ba ya komai sai kunna ƙarar ruwa don kada na kusa ya ji abin da kake ciki. Na riga na san 大, mai kama da mutum ya ware hannu da ƙafa, babba ke nan, da 小 ƙarami, su ne na kora ruwa gwargwadon aikin da mutum ya yi. A wannan banɗakin na duba sama da ƙasa ban gan su ba.

Abin da na gani wani maɓalli ne shi kaɗai a gefe, da rubutu a ƙarƙashinsa. Kan rubutun duhu, amma wutsiyar tar nake ganinta: oshite kudasai, don Allah danna. Mutum ya roƙe ka da Allah, ka ƙi? Na danna. Ruwa bai motsa ba. Na ce ƙila sai an ƙara ƙarfi, na sake dannawa, na ɗan riƙe. Sai na ji wata ƙara tana tashi daga waje, can kuma takun gudu, sai bugun ƙofa.

"Daijobu desu ka?" Wato lafiya kuwa?

Amsar da bakina ya saba da ita ita ce hai, wato e, don haka na ce hai. Aka sake wata doguwar tambaya, na ce hai. Daga baya ne na yi lissafin cewa mai yiwuwa tambayar ita ce ko a buɗe a shigo, domin na ji ana taɓa makullin. Ban san lokacin da na manta da Japananci da Turanci gaba ɗaya ba, na rafka da Hausa: "Kai! Da mutum!" Ko ba su ji Hausa ba sun ji sautin, suka dakata. Na fito ina gyara wando na tarar da mai gadi da wata ma'aikaciya, fuskokinsu duk damuwa. Ashe kan rubutun da na tsallake cewa yake in jikinka ya rikice ko ka faɗi, danna nan. Suka yi ta rusunawa suna ba ni haƙuri, ni ma ina rusunawa, har na rasa wanda ya yi wa wani laifi. Kora ruwan kuwa, mai gadin ya nuna min, tafin hannu kawai ake karawa a gaban wani ɗan baƙin gilashi. Shi ya kara nasa, a gabana, a kan aikina.

Mai hankali da daga nan ya tuba. Ni kuwa na zauna na yi nazari na wanke fatawata tas: rubutu ya ce a danna, na danna, mutane sun zo da gudu don su taimake ni. Ina laifin kudasai a nan? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wanda aka ɗaure da shi ji yake kamar rawani aka naɗa masa.

A lokacin na sayi keke na hannu, irin wanda suke kira mamachari, mai kwando a gaba, na iyaye mata masu zuwa cefane. Mai shagon ya yi masa rajistar da doka ta wajabta, ya manna masa 'yar lamba a jiki. Da shi nake zuwa Juma'a a masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, mafi tsufa a Japan, ginin da ya tsallake ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu ya kuma tsallake girgizar ƙasar 1995. Sai dai Kobe gari ne da ya jingina da dutse, daga bakin teku duk inda ka nufa arewa hawa ne, mamachari kuwa ba a yi shi don hawa ba. Wata Juma'a na makara, cinyoyina suka ce sun gaji, na yanke shawarar in ajiye shi a ƙasa wajen tashar Sannomiya in ƙarasa da ƙafa. Na hango gaban wani shago da kekuna bakwai ko takwas a jere, ga takarda a manne a gilashi. Na gane kanjin farko yana da alaƙa da ajiye abin hawa, na tsallake na tsakiya, na sauka a kan wutsiya: go-enryo kudasai. Har da go a gaba, wanda aka koya mana na girmamawa ne. Na ce ka ji mutanen kirki, ajiye keke ma sai sun roƙe ka cikin ladabi. Na kulle shi, har na ɗan rusuna wa takardar.

Aka idar da salla, aka tsaya gaisawa, wani ɗan Pakistan ya ja mu cin shinkafa. Sai wajen la'asar na gangaro. Babu keke. Ba nawa kaɗai ba, duk jerin babu ko ɗaya, wurin fes kamar an yi shara. A ƙasa an manna wata takarda da salatif. Na tsaya riƙe da ɗan makullina ina salati, ina cewa lallai a ƙasar nan har ɓarayi da tsari suke aiki: sun kwashe kaf, sun share wurin, sun bar rasit.

Na nufi koban, ɗan ofishin 'yan sanda na unguwa da ba ka rasa shi kusa da manyan tashoshi. Na shiga da kalmomi biyu da na tanada a hanya, keke da ɓarawo: "Jitensha! Dorobo!" Wani ɗan sanda mai furfura ya ba ni kujera, ya tambayi inda na ajiye, na nuna a taswira. Ya yi wani ɗan jan numfashi ta tsakanin haƙora, irin wanda daga baya na gane in Bajapane ya yi shi to magana ta lalace. Ya sa hularsa ya ce mu je.

A wurin ya fara nuna min takardar ƙasa: ranar da aka kwashe, da inda aka kai su. Sannan ya ɗaga yatsa sama. A jikin wani ƙarfe, daidai saman inda na kulle keken, ga allo da hoton keke an ja masa jan layi. Hoto ne da ko ɗan yaye zai gane. Ni ban ko kalle shi ba, saboda a lokacin ina ganin kallon hoto na waɗanda ba su iya karatu ba ne. Duk da haka ban saduda ba. Na ja shi gaban gilashin shagon, na dangwala yatsa a wutsiyar rubutun kamar lauyan da ya samo hujja, na ce, "Kudasai!"

Ya dubi takardar, ya dube ni. Ya ɗaga hannayensa biyu ya gicciye su a ƙirji, alamar da suke yi in abu bai halatta ba, ya ce a hankali, "Kudasai."

Washegari na ɗauki jirgi, na sauka, na yi tafiyar ƙasa har na fara zargin taswirar, kafin na iso wani fili da aka jera kekuna ɗaruruwa kamar garken da aka kama ya yi ɓarna a gona. Wasu dattawa ne ke kula da wurin. Na nuna katin zama da makulli, na cike takarda, na biya kuɗin fansa da ya kai na cefanen kwana biyu. Ɗayansu ya turo min keken, ya goge sirdin da tsumma, ya rusuna ya yi min godiya. A Kano an taɓa cin tarata, amma ba a taɓa gode min a kai ba.

Ranar Litinin na kai ƙara wurin sensei. Ta yi dariya har ta rufe baki da hannu, sannan ta rubuta 遠慮 a allo. Ta ce enryo shi ne ka ja da baya da kanka, ka bar abu don kada ka takura wa wani, ko da kana so. Ta ce a yankinsu na Kansai, in an ci abinci tare aka bar yanka ɗaya a faranti kowa yana jin nauyin ɗauka, sunansa enryo no katamari, dunƙulen enryo. Nan take na gane, don mu ma muna da shi. Kara ce. Alkunya ce, irin ta baƙon da ake cewa ya ƙara tuwo ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka. Wato takardar nan ba ta ce an hana ba, cewa ta yi don Allah ka yi mana kara. A wurinsu kuwa wannan daidai yake da jan fentin mai katangarmu. Ta ƙara min da naide kudasai, don Allah kada ka yi, wanda bambancinsa da gayyata haruffa uku ne da na saba tsallakewa, da kuma 禁止, kinshi, na ranar da ladabi ya ƙare. Ta ce a wasu lunguna ma za ka ga an zana 'yar jar ƙofar wurin bauta, torii, a gindin katanga, don mai niyyar fitsari ko zubar da shara ya ji tsoron abin da yake bautawa. Na ce sensei, wannan kam mun riga ku, namu har da rubutu.

Bayan wata shida aka kawo sabon ɗalibi gidanmu, wani yaro ɗan Damagaram, mai ladabi, ya haddace hiragana cikin mako guda yana ta jin kansa. A makon na sayo naman halal a wani shago kusa da masallaci, na kashe yini guda na yi dambun nama, na zuba a roba na sa a firjin da muke tarayya. Don kada a samu matsala, kuma don a san akwai manya a gidan, na yanki takarda na rubuta da hannuna, har da kanjin da na sha wahalar zanawa: go-enryo kudasai. Na manna a murfin.

Da daddare na dawo na same shi a kicin yana wanke robar, bakinsa yana ƙyalli.

"Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi," in ji shi. "Na ga takardar da ka bar mana. Na saman ne ban gane ba, amma na karanta kudasai."