"Mu ma haka muka yi" ba hujja ba ce

Duk sanda likita mai neman ƙwarewa ya yi ƙorafin ya kwana ya wuni a asibiti bai runtsa ba, amsar manyansa ɗaya ce: "Mu ma haka muka yi, kuma ba mu mutu ba." To ranka ya daɗe, kai ba ka mutu ba. Marasa lafiyar da ka duba da asuba ido na rufewa fa?

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. Cikin waɗanda suka kafa tsarin horon a asibitin Johns Hopkins na Amurka wajen 1889 akwai likitan tiyata William Halsted, wanda ya sa ɗalibansa su tare a cikin asibitin dare da rana. Tarihi ya tabbatar mutumin ya kamu da shan hodar iblis. Amma har yau juriyarsa ake auna yaran mutane da ita.

Sai da aka rasa rai kafin Amurka ta farga. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York bayan an yi mata allurar da ba ta jituwa da maganin da take sha. Ƙananan likitoci ne a kanta, aiki ya yi musu katutu, babu babba a kusa. Mahaifinta lauya ne kuma ɗan jarida, ya ƙi bari maganar ta mutu. A 1989 jihar New York ta ƙayyade awa 80 a mako, a 2003 aka yi wa ƙasar gaba ɗaya. Awa 80 fa, wai an rage ke nan! A Turai 48 ne.

Binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 24 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan koma kamar na wanda ya bugu da giya har doka ta hana shi tuƙi. Babu wanda zai shiga motar direban da ya ce masa tun jiya bai kwanta ba, amma mukan miƙa wa irinsa matarmu ya yi mata tiyatar haihuwa, har mu yi masa godiya.

Masu kare dogon aiki suna da magana guda da nake saurara: yawan miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu na sa bayani ya salwanta. Gaskiya ne. Shi ya sa Amurka, bayan ta taƙaita wa likitocin da ke shekarar farko ta horo awa 16 a jere a 2011, ta mayar da su 24 a 2017. Sai dai a ganina maganin wannan shi ne a gyara yadda ake miƙa aiki, a rubuta komai, babban likita ya tsaya a kai. Ba wai a hana mutum barci ba.

A Najeriya kuwa abin ya wuce zancen horo. Likitoci na ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, gurbinsu ba a cikewa, kwanan aikinsu na komawa kan waɗanda suka rage. Wanda ya kwana a ɗakin gaggawa shi zai bi zagayen safe, shi zai zauna ganin marasa lafiya har la'asar, sannan ana jiran ya yi karatun jarrabawa. Idan NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, ta tafi yajin aiki, albashi kawai muke ji, mu ce ba su da imani.

Ko gobe aka kafa dokar awanni, in ba a ɗauki sabbin likitoci ba takarda ce kawai. Likitan zai rubuta ya tashi ƙarfe 8 na safe, alhali azahar ta same shi a ɗakin tiyata, don babu wanda zai karɓe shi.