A nuna wurin, a ɓoye fuskar yaro

Da na karanta wani labari na masu sa wuraren da yara ke aikin wahala a taswirar intanet, sai ƙauyen Bagega da ke Anka a Zamfara ya faɗo min a rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda a tsakar gida ake daka duwatsun zinariya, yara na taya iyayensu. Kuɗin tsabtace Bagega ma sai da matasa suka yi ta kwakwazo a Twitter da #SaveBagega kafin gwamnatin tarayya ta sake su a 2013. Don haka ban raina wannan hanya ba.

Amma fa a kula. Ka ɗauki hoton yarinya mai tallan gyaɗa ka sa a Facebook, har da unguwarsu a Google Maps, wa ka nuna wa hanya? Mai taimako ko mugu? A nuna ramin haƙar ma'adinai, a nuna kasuwa, a bar fuskarta. Uwar da ta ɗora mata talla ba son ranta ba ne, abin sawa a tukunya ne babu. Ranar 12 ga Yuni, ranar yaƙi da bautar da yara ta duniya, kowa zai yaɗa hotuna, washegari tana nan a tasha da farantinta.