Daga gidan talakawa zuwa kujerar jakada

Ranar Asabar wani abokin aikina Bature ya rage mini hanya, muka ratsa Abingdon, wani ƙaramin gari kusa da Oxford a Ingila. Ana yayyafi. Muka bi ta wata unguwa mai gidajen jan bulo iri ɗaya a jere, kowanne da ɗan fili a gaba da kwandunan shara masu taya, labule a sake, babu ko yaro ɗaya a waje. Gidajen da ƙaramar hukuma ke ba marasa ƙarfi haya ne. Ya nuna da haɓa ya ce, "A irin waɗannan Kim Darroch ya tashi."

Maganar ta tsaya mini a rai har gida.

Darroch, tsohon jakadan Birtaniya a Amurka, da tallafin karatu ya yi sakandare, a jami'ar Durham kuma ilimin dabbobi ya karanta. Ya shiga ma'aikatar harkokin waje, ya yi Tokyo, ya wakilci ƙasarsa a Tarayyar Turai, ya zama mai ba firaminista shawara kan tsaro, a 2016 aka tura shi Amurka jakada. Aiki na sama da shekara 40, mataki bayan mataki. A Yulin 2019 aka fallasa wasiƙun sirri da ya rubuta wa gwamnatinsa, inda ya ce gwamnatin Trump ba ta iya aiki ba. Trump ya ce ba zai sake hulɗa da shi ba. Cikin 'yan kwanaki Darroch ya ajiye aiki da kansa.

A gida kun san yadda ake yi, tambayar farko ɗan wane ne. A Satumban 2023 aka kira jakadun Najeriya gida, kujerun suka daɗe babu kowa. Su ma nan ba waliyyai ba ne, sun ba ɗan siyasa Peter Mandelson kujerar Washinton, suka tsige shi a 2025. Amma tsanin nan yana nan, ɗan talaka na iya takawa.

Abin da ya fi cin raina, abokin nawa bai taɓa jin sunan Maitama Sule ba. Ɗan Masanin Kano, wanda ya wakilce mu a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1979, wanda mahaifina ke sa a yi tsit a tsakar gida in muryarsa ta fito a rediyo. Da daddare na kunna wa ɗana jawabinsa a waya. Ya saurara kaɗan, ya ɗago ya tambaye ni da Turanci me tsohon ke cewa.