Haɗa na'urori da yawa ba ya sa manhaja gudu da kanta

Kamfanoni da yawa na zaton da zarar sun ɗora manhajarsu a babbar kwamfutar cibiyar bincike, irin EPCC ta Edinbara, aiki zai yi sauri nan take. Ba haka ba ne. Bisa ƙa'idar Gene Amdahl ta 1967, idan kashi 10 cikin 100 na lissafi dole a yi shi bi da bi, ko na'urorin sarrafawa 100 aka haɗa, saurin ba zai kai ninki 10 ba.

Abin da kamfani ya fi buƙata shi ne injiniyan cibiyar ya zauna da masu rubuta manhajar, su auna inda lokaci ke zurarewa, su raba lissafin da MPI ko OpenMP (hanyoyin rubuta manhaja ne da ke rarraba aiki ga na'urori da yawa a lokaci guda), su rage musayar saƙo tsakanin na'urorin, domin a nan suke yawan zaman jiran juna.