Rassan layin dogon da aka tumɓuke a karkarar Kanada

Na daɗe ina bibiyar abin da ya faru da manoman yammacin Kanada, wato lardunan Manitoba da Saskachewan da Albata, kuma ra'ayina shi ne an yi gaggawar tumɓuke ƙananan rassan layin dogon da ke shiga ƙauyukansu.

Tun daga yarjejeniyar 1897 tsakanin gwamnatin Kanada da kamfanin jirgin ƙasa na CPR, manoman yankin sun riƙa kai hatsinsu tashar jiragen ruwa ta jirgin ƙasa a kan farashi mai rahusa, kuma kusan kowane gari yana da dogon rumbun katako a bakin layi, har adadin rumbunan ya haura 5,000 a shekarun 1930. A 1995 gwamnatin tarayya ta janye tallafin jigilar, ta kuma sayar da kamfaninta na jirgin ƙasa, CN, ga 'yan kasuwa, sannan dokar sufuri ta 1996 ta sauƙaƙa wa kamfanoni barin duk reshen da ba ya kawo riba. Daga nan aka ƙara ƙaimi wajen rushe rumbunan katako, ana gina manya na kankare a kan babban layi.

Hujjar kamfanonin ba ƙarya ba ce, domin tsayawa a kowane ƙauye don ɗaukar tarago uku ko huɗu yana cin kuɗi. Sai dai kuɗin bai ɓace ba, komawa ya yi kan wasu. Tarago ɗaya yana ɗaukar tan 90 ko fiye, kayan da sai tirela biyu ko uku za su kwashe. Manomin da a da yake sauke kaya a garinsu yanzu sai ya sha doguwar tafiya, man fetur daga aljihunsa, hanyoyin da tirelolin ke farfasawa kuma ƙananan hukumomi ne ke gyara su da harajin manomin nan dai.

Abin da ya fi damuna shi ne masana'antu. Matatun man kanola (wani tsiro da ake matse man girki daga 'ya'yansa) irin na kamfanonin Richardson da Louis Dreyfus a garin Yokton, ko na kamfanin Cargill a kusa da birnin Saskatun, ba za su rayu ba tare da jirgin da zai kwashe mai da dusa zuwa kasuwa ba. Saboda haka garin da aka ciro masa ƙarfen layi ya fita daga lissafin duk mai neman wurin kafa masana'anta, kuma da wuya a sake shimfiɗa layin bayan an sayar da ƙarfensa. Wanda ya san yadda Nguru da Ƙauran Namoda suke a zamanin jigilar gyaɗa ba zai yi mamakin wannan ba.

Da gwamnati ta ba al'ummomin lokaci da rance, da rassa da yawa sun tsira. A kudu maso yammacin Saskachewan, manoma da mutanen garuruwa sun haɗa kuɗi a 2004 suka sayi layin Great Western, kuma har yau suna loda hatsinsu a tarago daga garuruwa irin su Shonabon.